Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Gombe: A Taimaka a Auna Mana Malmala

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aiki kuma Allah ya taimaka.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare, na fara a Kumo, aka mayar da ni Bajoga, na ƙare aiki a nan cikin garin Gombe. Yau shekarata shida da ciwon suga. Na ambaci sana'ata ne don ka ga inda abin kunyar yake: mutumin da ya zana hanji da hanta a allo ya fi sau ɗari, shi ne ya kwashe wata huɗu yana ɗura wa cikinsa abin da ke ƙara masa ciwo, a zatonsa magani yake ci.

Ranar da aka tabbatar mini da ciwon, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, gwajin suga na safe kafin in karya ya nuna 214, alhali daga 126 ake kiran sa ciwo. Nas ɗin ta miƙo mini takardar magani ta ce, "Baba, ka bar shinkafa, ka bar suga, ka rage mai, ka koma alkama ko acca." Ko minti biyu ba mu yi ba. Ban ga laifinta ba, kuma har gobe ba zan gani ba, domin layin da ke bayana ya kai bakin ƙofa, ita kaɗai ce a kan teburin. Abin da aka koya mata ta faɗa, a cikin lokacin da take da shi.

Na dawo gida na isar wa maman yara saƙo yadda aka ba ni. Aka auno alkama a Tudun Hatsi, aka kai inji aka niƙo ta lukui kamar hoda. Tunda an ce ita ce ta masu suga, sai nake cin malmala biyu, ranar da miya ta yi daɗi in ƙara ta uku. Miyar ma ba ta cika yin daɗin ba, don an janye mata mai gaba ɗaya, ta zama lami. Ƙishirwa ba ta ragu ba, fitsarin dare ma haka. Sai da babban ɗana ya aiko mini da 'yar na'urar gwajin suga, na soki yatsa awa biyu bayan tuwon dare, na ga 261. Washegari, don haushi, na ce a zubo mini shinkafa da wake ludayi biyu, da ɗan mai da yaji, da kwaɗon zogale cike da kwano. Bayan awa biyu na sake gwadawa: 178. Shinkafar da aka hana ni ke nan. Jikina ne ni kaɗai, ba bincike ba ne, amma a daren na gane tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ga abin da na san shi sarai a aji, na manta shi a gaban akushi. Alkama, shinkafa, masara, dawa, gero, har accar da ake kawo mana daga Filato da kudancin Bauchi da tsada, duk wajen kashi 70 cikin 100 na busasshen garinsu sitaci ne, wasu ma sun fi haka. Sitaci kuwa ƙwayoyin suga ne da aka jera kamar carbi. Tun daga baki yawu ke fara tsinka shi, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta soma zaƙi. Kafin ya bar ƙaramin hanji ya zama gulukos, wato irin sugan da jini ke ɗauka, ya shige jini. Duk jinin da ke jikin babban mutum mai lafiya, sugan da ke yawo a cikinsa bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Malmalar da aka tuƙa da gari giram 100 kuwa tana tafe da sitaci wajen giram 70. A lissafa malmala uku.

Yadda nake kwatanta wa abokan hira a majalisa shi ne su tuna Tudun Hatsi da kaka. Motoci na sauke buhuna, 'yan dako na kwasa suna shigarwa sito. Buhunan su ne suga, 'yan dakon kuma insulin ne, sinadarin da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take fitarwa, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Sito biyu ne na kusa: hanta na ɗaukar kamar giram 100, tsokar jiki kamar giram 400. In sun cika, abin da ya saura jiki na iya mayar da shi kitse ya ajiye. Idan mota ɗaya ta zo, aka kwashe, sannan wata ta biyo, kasuwa lafiya lau. Idan goma suka zo lokaci guda, buhuna sai su jibge a kan hanya. Mai irin ciwona kuma matsalarsa biyu ce: kitsen da ya taru a hanta da kewayen hanji ya sa ƙofofin sito sun yi tsatsa ba sa buɗuwa da sauƙi, 'yan dakon kuma sun gaji sun ragu. Sugan da ya rasa wurin shiga shi ke zama a jini yana cin jijiyoyin ido, da ƙoda, da tafin ƙafa a hankali.

Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa mara lafiya ita ce nawa yake ci, yaya aka sarrafa hatsin, kuma da me yake haɗawa. Tun 1981 wani malami a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, da abokan aikinsa suka nuna cewa abinci biyu masu sitaci daidai wa daida na iya bambanta ƙwarai wajen saurin ɗaga suga, kuma dangin wake na cikin waɗanda suka fi tafiya a hankali. Kafin shi, a shekarun 1970, Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya yi ta jan hankalin Turawa cewa mutanen karkarar Afirka da ke cin hatsi da dusarsa ba su cika kamuwa da wasu cututtukan da suka addabi Turai ba. Mu kuwa da muka waye, sai muka bi sawun Turawan. A surfe masara tas, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, tuwo ya fito fari sol, a ce uwargida ta iya girki. Dusar, wadda ita ce ke riƙe da harzar da ke rage wa suga gudu, da wani kaso na bitamin, sai a zuba wa awaki. Na sha faɗa wa maman yara cewa a gidan nan akuya ta fi mai gida cin abinci mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar harza aƙalla giram 25 a yini, da ganye da 'ya'yan itace giram 400. Muna da zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuɓewa, kabewa, kuka, ga wake da jihar nan ke nomawa har a yi lodinsa zuwa Kudu. Ban ji an ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba a ranar da aka ba ni takardar magani.

Kakanninmu ma sun ci tuwo, har sun fi mu ci. Sai dai sun ci na dawa da gero da aka daka a turmi, suka tashi suka kama fartanya har rana ta take, suka taka da ƙafa daga ƙauye zuwa kasuwa. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini ko da insulin ya yi ƙaranci. Mu daga gida sai babur, daga babur sai benci a shago ko kujerar ofis. Kiɗa ya canza, rawar tana nan yadda take.

Na zo kan abin sha, wanda a ganina ya fi tuwo ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wato kamar giram 50, cokalin shayi 12, in an iya tsayawa a rabin haka ya fi. Robar lemo guda mai santilita 50 na iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Ka tsaya teburin mai shayi da safe ka ƙirga cokulan da ke shiga kofi ɗaya, ga madarar gwangwani, ga rabin burodi. Ka ƙara da zoɓo da kunun aya na biki. Suga a cikin ruwa ba ya jiran tauna, ba ya kuma ƙosarwa. Rabinsa ma wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin sarrafa shi, in ya yi yawa ta mayar da shi kitse a jikinta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne zuwa dubiya. Na taɓa kwanciya kwana uku a asibiti, 'yan'uwa suka yi ta shigowa da lemon malt, wai ƙarin jini, ga ni kwance saboda suga ya hau. Wani aminina kuma ya kawo kwalbar zuma ya ce ita ba ta da illa. Zuma abu ce mai albarka, babu mai musu, amma wajen kashi 80 cikin 100 nata suga ne, dole mai ciwo ya san gwargwado. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Da farashin yau, wa ya ji a jikinsa?

Sai maganar mai, ranka ya daɗe, inda aka fi rikita mu.

"Ka rage mai" magana ce da muka gada daga wata tsohuwar gardama ta Amurka, ta ko maiƙo ne ke kawo ciwon zuciya ko suga. A 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono takardun da ke nuna cewa a shekarun 1960 ƙungiyar masu masana'antar suga ta biya wasu malaman Jami'ar Harvard kuɗi, suka rubuta nazarin da ya sassauta wa suga, ya jibga laifin a kan maiƙo. Yanzu kuma guguwar ta juya, yaranmu na gani a Facebook da TikTok ana cewa a bar hatsi kwata-kwata a koma nama da ƙwai da man shanu. A 2018 Jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da mutum 609 na tsawon shekara guda, rabi suka rage maiƙo, rabi suka rage sitaci, dukkansu aka ce su guji suga da farin gari su yawaita ganye. Na farko suka sauke kilo 5 da ɗoriya, na biyu kilo 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne abin da ɓangarorin biyu suka bari tare ya fi abin da suka yi saɓani a kai muhimmanci.

Gaskiya ne mai na da nauyi. A ma'aunin ƙarfin abinci da ake kira kalori, giram ɗaya nasa kalori 9 ne, na sitaci 4, don haka babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kuma mai son rage teɓa dole ya sa ido a kan ludayin da ake kwarara wa garau-garau. Amma shi kansa mai ba ya ɗaga suga nan take, yana ma rage saurin fitar abinci daga tumbi, kuma sai da shi jiki ke iya ɗaukar bitamin A, D, E da K. Miyar ganyen da aka hana wa mai, an rage mata amfani. Sannan mai suna ne ya tara. Man gyaɗa da na riɗi da na waken suya, mafi yawansu nau'in da ba ya daskarewa ne, wanda in ya maye gurbin kitse yake rage kwalastarol mai toshe jijiya, wanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji. Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, sai dai jan nan nasa shi jiki ke mayarwa bitamin A, kuma shi ne matanmu ke ƙonewa idan suka bar shi a wuta har ya yi fari yana hayaƙi. Man shanu ya fi manja yawan mai daskarewa, kitsen da mahauci ke ɗora wa tsire kuma kusan daidai yake da manja. Ban ce a haramta wa Bafulatani man shanu ba, mu a Gombe wa zai saurare ni? Cokali ɗaya a kan tuwo daban, malala daban. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai daskarewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini.

Akwai kuma wanda ba shi da wani alheri ko kaɗan, wato man da ake daskarar da shi a masana'anta ta hanyar cusa masa iskar haidurojin, wanda kan shiga wasu nau'o'in bota da biskit da kayan gashi. Yana ɗaga LDL, yana kuma rage kwalastarol mai amfani. Ƙasar Denmak ta fara taƙaita shi a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi a 2018, NAFDAC kuma a ƙa'idarta ta 2022 ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Doka ta yi kyau a kan kayan da ke da tambari. To man da ake aunawa a kwalba daga jarkar da ba ta da suna fa? Da bokitin botar da gidajen burodi ke saye?

A bakin layinmu akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da awara, da ita take riƙe marayu huɗu. Ina zama kusa da ita da yamma. Man da ke kaskonta baƙi ne kamar na inji, yana kumfa, hayaƙinsa na shiga ido. Ba ta zubarwa, sabo take ƙarawa a kan tsoho, kullum. Na ce mata, "Hajiya, man nan ai ya mutu." Ta ce, "Malam, in na zubar, kai za ka sayi ƙosai ɗaya naira ɗari biyu?" Ban da amsa. Man da aka yi ta maimaita ƙona shi yana lalacewa ya haifar da sinadarai masu cutarwa, amma kamu da tara ba za su gyara wannan ba. A tara su ta hannun shugabanninsu a nuna musu yadda ake tace mai, a rage wuta kada ya yi hayaƙi, a rage yawan wanda ake zubawa a kasko don ya ƙare da wuri, a kuma nuna musu alamar da in an gani dole a zubar.

Ina roƙon a yi hattara da abu biyu idan za a yi wannan wayar da kai. Abincin wani gubar wani. A jihar nan akwai yara masu tamowa, kuma abincin leda da ake ba su a asibiti gyaɗa ce da mai da madara da suga. Kada uwa ta ji ana cewa mai ba kyau a rediyo ta janye shi daga kunun yaron da ta yaye. Na biyu, mai yin allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin Daonil, idan ya yanke tuwo rana ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. Na ga wanda aka yi ta yi wa tofi ana cewa iska ce, alhali suga cokali uku a ruwa yake buƙata tun yana iya haɗiya. Da azumi abin ya fi tsanani: yini ba ci, da magariba kuma kunu mai suga, ƙosai, dabino, lemo da shinkafa su sauka lokaci guda. Malamanmu na karanta mana hadisin kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Da za a haɗa su da likitoci kafin watan ya kama, da masu tafsiri sun isar da saƙon inda ma'aikatan lafiya ba sa kaiwa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gini ba. Takarda ce shafi ɗaya, da Hausa da Fulfulde, da boko da ajami, mai hotuna, a kowace cibiyar lafiya ta gundumomi 114 na jihar nan. Kada a fassaro ta daga littafin wata ƙasa mai maganar abincin da ba mu taɓa gani ba. Masana abinci na Asibitin Koyarwa na Tarayya da na jami'ar jiha su zauna da mata masu girki, a tuƙa tuwon masara da na dawa, a dafa shinkafar Dadin Kowa, a dama fura, a soya masa, a ɗora kowanne a sikeli, a faɗa mana da harshen malmala da ludayi da cokali. A nuna faranti: rabi ganye, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo kamar dunƙulen hannun mai ci. Kuma idan magidanci ne mara lafiyar, a ce ya zo da mai yi masa girki. Ni aka yi wa bayani, alhali rabona da riƙe muciya tun ina gwauro a Kumo.

A haɗa da tef ɗin tela. Namijin da ƙugunsa ya kai santimita 94, ko macen da nata ya kai 80, a gwada masa suga ko bai yi ƙorafin komai ba, mu daina yi wa tumbi kirarin alamar hutu. Wanda gwajin safensa ya faɗa tsakanin 100 da 125 yana bakin rami ne bai faɗa ba, daga 126 ne ake kiran sa ciwo. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum fiye da 3,000 masu irin wannan matsayi, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, ƙwayar maganin suga ta metfomin kuma ta rage da kashi 31. Minti 150 a mako bai wuce mutum ya taka zuwa masallacin da ke gaba da na ƙofar gidansa sau biyu a rana ba. Tsinken gwajin ne dai ya yi tsada, da yawa daga cikin abokaina sun ajiye na'urar a durowa. In akwai yadda shirin inshorar lafiya na jiha, GoHealth, zai sauƙaƙa shi, a duba.

Kowace shekara ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Frederick Banting wanda shi da Charles Best suka gano insulin a 1921, akan yi bikin ranar ciwon suga ta duniya. Ina fatan ta bana ta same mu da wannan takarda a hannu. Ina da littafin rubutu mai shafi tamanin guda biyu, na cika su da abin da na ci da lambar da na'ura ta nuna bayan awa biyu, har da ranakun da na saci jiki na ci masa da miyar taushe a gidan biki. Idan waɗanda za su yi aikin suna ganin zai yi musu amfani, a aiko, ko in hau Keke Napep in kawo da kaina.

Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin kimiyya,
Unguwar Bolari, Gombe.